Shin hana leda kaɗai zai wadatar?

Malam, ka tambaya ko dokar hana leda gaba ɗaya za ta raba mu da wannan ƙazantar. A ganina za ta taimaka, amma ita kaɗai ba ta isa ba.

Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta biyo baya a 2017 da hukunci mai tsanani, har ɗaurin shekara huɗu. Sun ga amfanin abin ne domin hukuma ta tsaya a kan dokar da gaske. Nijar ma ta yi tata a 2014, amma ka shiga kasuwar Maraɗi ka gani, baƙar leda tana nan ko'ina.

Abin da ya fi damuna shi ne ledar fiya wata. Muddin famfo ba ya kawo ruwa, ba yadda za a ce talaka ya daina saye. A nan sai a ɗora wa kamfanoni nauyin kwashe abin da suka fitar. A Jamus, wanda ya sayi abin sha a gorar roba wadda ba a sake cika ta yana ajiye santi 25 na Yuro, in ya mayar da gorar a ba shi kuɗinsa. Mu ma mun san wannan tsarin tun zamanin kwalbar lemo.

'Yan jari bola sun riga suna tsintar gora saboda tana kawo kuɗi. Leda suke tsallakewa, don ba ta da nauyi a sikeli. Idan aka sa mata farashi daga aljihun kamfanoni, za a tsince ta kafin ta toshe kwata da damina, ko ta cika tumbin akuya.