Alhaji, filin nan da idon wa ka gan shi?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ya aiko mini da tambaya. Shekarunsa 62, gwiwa ta fara damunsa, yana so ya bar wa babban ɗansa shago ya koma wuri mai iska a bakin ruwa ya huta. Abin da ya tara sefa miliyan 9 ne. Ɗan yayarsa ya samo masa fili a gefen tafkin Lagdo a kan miliyan 1 da dubu 200, ya turo masa bidiyon wurin ta WhatsApp a watan Afrilu, shi kuma ya aika dubu 400 kafin alƙalami. Takardar da ke ƙasa ta jauro ce, wato mai unguwa. Yana tambaya: tsakanin Lagdo, da bakin kogin Binuwai a Garwa, da Kusiri inda 'yarsa ke aure, ina ya fi araha? Ya ƙara da cewa ɗan yayar tasa ya ce in an gina ɗakunan baƙi huɗu aka haƙa ramin kifi, cikin shekara biyu kuɗi sun dawo.

Alhaji, ka tambaye ni inda ya fi araha, amma ba nan ciwon yake ba. Kai da ba ka sayen bandir ɗaya na shadda sai ka warware ka murza da yatsa ka ɗaga wa rana, yau ka fitar da dubu 400 a kan ƙasar da ba ka taɓa takawa ba. Cinikin biri a sama ka yi. Da idon wani ka gani, kuma a watan da kowane fili na bakin ruwa yake da kyau.

A Afrilu tafkin Lagdo ya ja da baya, ƙasa ta bushe ta tsage, shanu na kiwo a inda kwalekwale zai bi nan da wata biyar. Madatsar ruwan Lagdo da 'yan Sin suka gama a 1982 aikinta ke nan: ta tara ruwan damina, ta riƙa sakinsa a hankali da rani don wuta da noma. Saboda haka gaɓar tafkin ba a wuri ɗaya take zaune ba, tafiya take yi. Abin da ka gani a waya shi ne wurin a lokacin da mai shi ya yi balaguro. Mai shi ruwa ne, kuma yana dawowa a Agusta da Satumba.

Ba ina cewa ɗan yayarka ɓarawo ba ne, ban san shi ba. Amma ka tambaye shi, cikin raha, nawa mai filin zai ba shi in ciniki ya faɗa. In yana da la'ada a can, to dillalin mai fili ne, ba wakilinka ba, ko da kai ka raɗa masa suna. Kuma abin da ya sa sayayya ta hannun ɗan uwa ta fi ta bare ciwo shi ne ba ka iya matsa masa. Baƙon dillali za ka kama masa wuyan riga ka kai shi gaban hukuma. Wannan kuwa, ka ɗaga murya sau ɗaya, yayarka ta kira ka tana kuka, sai ka haɗiye maganar, kuɗin ma ka haɗiye.

Na san wani mai fataucin albasa da ya yi irin wannan a shekarun baya. Ƙanin matarsa ya saya masa fili a ƙasa da madatsar, a gefen kogi, da rani. Ya zuba bulo, ya yi rufi, saura ƙofofi. A daminar 2012 tafki ya cika aka buɗe ƙofofin Lagdo, ruwan da ya ci garuruwa tun daga nan har Adamawa da Binuwai da Kogi a Najeriya. Da ya je dubawa a jirgin masunta ya je, kuma da kwanon rufi ya gane gidansa. Abin da ya fi ƙona masa rai, wata tsohuwa mai shanya kifi ta ce masa ai kowa a garin ya san wurin nan hanyar ruwa ce, shi ya sa ba ɗan gari ko ɗaya da ya gina a can. Ba wanda ya tambaye ta, shi ya sa ba ta faɗa ba.

Ka riƙe wannan, don ya fi duk wani lissafin da zan yi maka. Duk garin bakin ruwa da ka shiga, duba inda 'yan asalin wurin suka kafa gidajensu da masallacin Juma'arsu da maƙabartarsu. A kan tudu za ka same su. Filin da suka bar wa baƙo a kan araha, sun san dalili.

Sai takarda. Takardar jauro ko ta lawan shaida ce cewa unguwa ta san da maganar, kuma tana da amfaninta, amma a dokar filaye ta Kamaru ta 1974 abin da gwamnati ta sani a matsayin mallaka shi ne takardar da muke kira titir fonsiye, kuma filin da ke da ita a gaban notar, mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, ake cinikinsa. Dokar ta kuma ce kogin da jirgi ke bi, har iyakar inda ruwansa ke kaiwa in ya cika, da ƙarin mita 25 daga wannan iyakar, na jama'a ne, ba a mallaka wa mutum. Tafki ma har iyakar cikarsa haka yake. Ke nan ana iya sayar maka da abin da mai sayarwar kansa bai mallaka ba, da sa hannun shaidu huɗu da hatimi, ranar da hukuma ta zo da jan fenti ta yi gicciye a bangonka ba wanda zai biya ka ko sisi. Kuma sunan wa za a rubuta a takardar jauron? Ba ka faɗa mini ba, ina kuma zargin ba ka tambaya ba. Na ga gidan da aka gina da kuɗin mutum, ya rasu, 'ya'yansa suka zo gado aka nuna musu takarda da sunan ɗan aike.

Zancen ɗakunan baƙi da ramin kifi kuwa, bar shi. Ka ce hutu kake nema. Wane baƙo ne zai kwana a ɗakunan nan, sau nawa a wata? Kifin kuma ka kai shi ina, Lagdo da masunta ke sauke shi kwando-kwando kowace safiya? Shekara arba'in kana harkar yadi, ba ka taɓa ciyar da tarwaɗa ɗaya ba. Duk wanda ya ce maka kuɗi za su dawo cikin shekara biyu, ka ce ya zuba nasa rabin ku gani.

Wuraren uku da ka lissafa, ga ra'ayina a gurguje. Kusiri na zaune ne inda kogin Logon ya haɗu da kogin Shari, kuma ruwanta mayaudari ne, don daga kudu yake gangarowa, ya kan kai ƙarshen cikarsa a Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan sama ta ɗauke. A 2022 haka ya shanye unguwannin Waliya da Tukra a Njamena, tsallaken gada, Kusirin ma ba ta tsira ba. Wanda ya duba fili can a Agusta ya ga a bushe bai ga komai ba tukuna. Lagdo tana da iska da kifi da araha, amma daga can zuwa Garwa ta Ngong ya haura kilomita 50, kuma mai shekara 62 da dare yake neman likita, ba da rana ba. Ga sauro, ga tsargiya ga jikokin da za su zo hutu su faɗa ruwa. Da ni ne, Garwa zan zauna, a unguwar tudu da ake hango kogi daga nesa, kusa da asibiti da abokan sahu da shagon da ka bar wa yaro, wanda ko ka ƙi ko ka so sai ka riƙa leƙa littafinsa.

Kuma araha ba a kuɗin fili take ba. Filin miliyan 1 a kwari, ka cike shi da ƙasa mota bayan mota, ka ɗaga tushen gini kusan mita guda, ka yi shi duka da siminti tunda ginin laka ba ya jure jiƙa, ka sake fenti da daɓe duk bayan damina biyu, kafin ka ankara ya ci abin da filin miliyan 3 a tudu bai ci ba. Daga miliyan 9 ɗin nan, ni ba zan yarda fili da gini su wuce 6 ba. Ɗan kasuwa ba shi da fansho, ragowar ce abincinka da maganinka.

Yanzu ga abin yi. Kada ka ƙara aika ko dala. In har zuciyarka na Lagdo, kama hayar ɗaki biyu a garin daga Yuli zuwa Oktoba, ka zauna da iyalinka, ka taka filin da ƙafarka a tsakiyar Satumba. Duba layin da ruwa ya bari a jikin bango da gindin itatuwa. Zauna da masunta da tsofaffi, ba tare da yaron ba, ka tambaye su ina ruwa ya tsaya a 2012. Sannan ka ɗauki mai safiyo na ofishin filaye, wanda kai ka nemo kai ka biya, ya gaya maka ko wurin na iya samun titir da sunanka.

Dubu 400 ɗin kuma, kira ɗan yayar taka gobe a gaban mahaifiyarsa da wani dattijo, ka ce ya kai ka wurin mai filin ido da ido, ya nuna maka rubutun karɓar kuɗin. A nan za ka ji nawa ne suka isa hannun mai fili daga cikinsu.