Amsa: ta yaya ake sanin abincin da yaro ke buƙata yana kan na'urar numfashi?

Ƴar'uwa, Allah ya ba ɗanki lafiya. Kin ce yana kwance a nan Damagaram kan na'urar numfashi, kuma madarar da ake zuba masa ta tiyon hanci ta yi miki kaɗan.

Ba rowa ba ce. Yaron da aka sa wa maganin barci, na'ura na yi masa numfashi, sau da yawa jikinsa ba ya ƙona abinci kamar mai guje-guje. In aka cika masa, gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa tana ƙaruwa, cire shi daga na'urar ya yi wuya. In aka rage kuma tsoka ta zube.

Awo mafi inganci na sanin abincin da jikinsa ke ƙonawa shi ne a auna iskar oksijin da yake sha da gurɓatacciyar iskar da yake fitarwa, amma na'urar awon tana da tsada, kuma lissafinta na rikicewa in tiyon numfashi na yoyo ko oksijin da ake ba shi ya haura kashi 60 cikin ɗari. Inda babu ita, ana amfani da lissafin Schofield na 1985, wato ƙiyasin da ake yi da nauyin yaro, shekarunsa, da ko namiji ne ko mace. Sai dai kumburi kan ƙara nauyin bogi, ya rikita wannan lissafin ma.

In yana da tamowa, a hankali ake farawa. Ki tambayi likita ko furotin, wato sinadarin gina jiki, ya kai giram 1.5 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Don Allah kada ki ɗura masa kunu a ɓoye, yana iya shiga huhu.