Amsa: me ya haɗa ciwon suga da dishi-dishin ido?

'Yar uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kin ce a Daura yake, ya daɗe da ciwon suga, yanzu sugan ya daidaita amma ganinsa sai raguwa yake yi, kina tambayar dalili.

A can bayan ido akwai siririn tantani da ke kama haske, likitoci na ce masa ratina. Yana cikin sassan jiki mafi cin iskar oksijin, shi ya sa ƙwayoyinsa cike suke da mitokondiriya, 'yan ƙananan murhu da ke ƙona suga su ba ƙwayar halitta ƙarfi. Idan suga ya yi yawa a jini, kamar an tula wa murhu itace ne, sai hayaƙi. Hayaƙin nan wasu sinadarai ne masu guba da ke lalata mitokondiriyar kanta har da kundin gadonta, wato DNA ɗinta. Daga nan ƙwayoyin da ke riƙe da ƙananan jijiyoyin jinin ratina su mutu, jijiyoyin su fara yoyo, wasu su toshe, sai gani ya ragu.

Abin da ya fi damuna, ɓarnar kan ci gaba ko bayan suga ya sauka, domin mitokondiriyar da ta lalace ba ta saurin gyaruwa. Duk da haka kada Baba ya saki magani. Wani babban bincike na 1993 kan masu ciwon suga nau'i na ɗaya, mai suna DCCT, ya nuna tsananta kula da suga ya rage haɗarin kamuwa da wannan ciwon ido da kashi 76 cikin ɗari.

Don Allah ku kai shi asibitin ido a Katsina cikin makon nan, a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a duba bayansa, a kuma auna hawan jini. Ko wannan ciwon ne ko yanar ido ce, dubawar ce za ta bambance.