Ga 'yar'uwar da ta sauka Hyattsville tana neman sa yara a makarantun gundumar Prince George's (PG), jihar Maryland ta Amurka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi tun da na karanta tambayarki na kasa wucewa. Kin ce kun taso daga Maraɗi da yara uku, kuna zaune a besmen (ɗakin ƙarƙashin ƙasa) na gidan wani a Hyattsville, an ce sai kin kawo shaidar zama kafin a yi wa yaran rajista, ga mutane kuma sun cika miki kunne cewa makarantun PG ba su da kyau, gara ki ari adireshin wani a gundumar Montgomery da ke maƙwabtaka. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Duk abin da kika lissafa ya same ni.

Maganar aron adireshi, don Allah ki ajiye ta. Hukumar makarantu tana bincike. In aka gano, za a cire yaron a tsakiyar shekara, kuma ana iya bin ku kuɗin karatun wanda ba mazaunin gunduma ba, kuɗin da bai kamata baƙo ya jawo wa kansa ba. Ga shi kullum sai kin riƙa koya wa ɗanki ya faɗi unguwar da ba tasa ba in malama ta tambaye shi. Ni ban ga ribar hakan ba.

Mu da muka zo, wani ɗan gida ne ya sauke mu. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, Allah ma ya san shi. Tun muna Kano yake kiran maigidana yana cewa ku taho kawai, gida naku ne, makarantar yara kuwa ga ta nan da ƙafa ake zuwa. Muka sauka, muka biya shi kuɗin haya hannu da hannu, babu takarda babu rasit, don wa zai nemi rasit a wajen wanda kuke salla sahu ɗaya? Da na je rajista aka ce tunda gidan ba da sunanmu yake ba, akwai fom na masu zama a gidan wani, mai gidan zai sa hannu a gaban notari, wato mai izinin hukuma na shaidar sa hannu, ya haɗa da shaidar cewa gidan nasa ne da takardar kuɗin wuta ko ruwa. Abu mai sauƙi. Na kai masa fom ɗin da daddare bayan isha'i. Yana zaune a falo yana kallon ƙwallo, ya karɓa da hannun hagu, ya ɗora a kan tebur, ya aza kofin shayinsa a kai. Ya ce gobe. Goben nan ta ƙi zuwa. Yau ya ce aiki, gobe ya ce notari ba ya nan, daga baya ya daina amsa sallamata a bakin ƙofa. Ashe bai da izinin ba da hayar besmen ɗin, yana tsoron sunanmu ya shiga takardar hukuma asirinsa ya tonu. To me ya hana ka faɗa tun farko? Me ya sa ka karɓi kuɗinmu?

Abin da ba na mantawa shi ne safiya. Besmen ɗin yana da 'yar taga ɗaya can sama, daidai da ƙasan waje. 'Yata ta fari takan hau kujera ta leƙa, ba ta ganin komai sai tayoyin motar makaranta mai ruwan ɗorawa da takalman yara suna hawa. Cikinsu har da 'ya'yan mutumin nan. Ta riga ta shirya jakarta tun ranar da muka saya, fensir a fiƙe, littafi ko layi ɗaya babu. Wata rana ta sauko ta ce Umma, ko mu ba a son mu ne? Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji kukana. Matarsa kuwa ta same ni a wajen wanki ta ce wai in yi haƙuri, ai karatun boko ba gudu yake ba. Nata suna aji, nawa suna ƙarƙashin ƙasa! Shekaru sun wuce, na yafe kuɗi, amma wannan maganar har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Kuma mutumin nan in an je taron 'yan gida shi ne a gaba wajen jawabin taimakon baƙi.

Wata baiwar Allah 'yar Saliyo ce ta fitar da mu, a masallaci a Lanham bayan Juma'a. Ita ta gaya min akwai dokar tarayya mai suna McKinney-Vento, tun 1987, wadda ta ce iyalin da suke raɓe a gidan wani saboda rashin muhalli ko matsin kuɗi, a ɗauki yaransu nan take ko takardu ba su cika ba, a cike daga baya. Kowace hukumar makarantu tana da jami'in da aikinsa ke nan. Su ne za su duba ko halinku ya shiga ciki, ba kowane mai zama a gidan wani ba ne, amma ki buɗe baki ki faɗi sunan dokar, ki faɗi gaskiyar yadda kuke zaune. Kada kunya ta hana ki. Sannan ki sani babu wanda zai hana yaro makarantar gwamnati saboda takardun zaman ƙasa, Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 1982 a shari'ar Plyler. Ki tafi da fasfo ko takardar haihuwa, katin rigakafi, da sakamakon makarantarsu ta gida ko da da Faransanci yake. In kuma mai gidanku mutumin kirki ne, fom ɗin nan kawai zai sa wa hannu a wuce wurin. Allah ya sa haka ne.

Yanzu batun wai PG ba ta da kyau. Ƙanwata, hukumar nan tana riƙe da ɗalibai wajen 130,000 a makarantu kusan 200, ita ce ta biyu a Maryland bayan Montgomery. Ta yaya za a yi wa abu mai wannan girma hukunci da kalma ɗaya? Akwai ajin da ya cika ya batse, akwai tsohon ginin da ya gaji, motar makaranta takan makara saboda ƙarancin direbobi, ba zan ɓoye miki ba. Amma yawancin masu faɗa miki maganar nan ba su taɓa shiga ko aji ɗaya ba, gadonta suka yi. Kuma tana da asali. Da can makarantun baƙar fata daban suke da na farare. Frederick Douglass ta Upper Marlboro da Fairmont Heights da aka buɗe a 1950, duk na baƙaƙe ne zalla. In kin samu sarari ki kai yara tsohuwar makarantar Ridgeley a Capitol Heights, ginin 1927 ne, yanzu gidan tarihi, su ga inda kakannin abokan ajinsu suka yi karatu. Kotun Ƙoli ta haramta wariyar a 1954, amma nan aka yi ta jan ƙafa har wani uba mai suna Sylvester Vaughns da wasu iyaye suka kai ƙara. Alƙali Frank Kaufman ya ba da umarni a ƙarshen 1972, a Janairun 1973 kuma aka sauya wa yara sama da 30,000 makaranta a tsakiyar shekarar karatu, ana kwasarsu a mota daga wannan unguwa zuwa waccan don a gauraya. Farare da yawa suka tattara suka bar gundumar, baƙaƙe masu aikin gwamnati daga Washington suka shigo, har PG ta zama mafi yawanta baƙar fata, kuma cikin mafi arzikin irin waɗannan gundumomi a Amurka. Sai 1998 aka yi sulhun da ya kawo ƙarshen kwasar yaran. Ni a ganina rabin sunan da aka ɓata wa makarantun nan daga wancan lokacin ya samo tushe, daga kalar fatar waɗanda suka cika azuzuwan. Yana min ciwo in ji ɗan Afirka yana maimaita ta ba tare da ya san daga bakin wa ta fito ba.

Daga waccan shari'ar ne kuma aka samu makarantun magnet a 1985, masu shiri na musamman da ba a ɗaure su da unguwa ba. Nan ne ya kamata ki sa ido, don ba wanda zai biyo ki gida ya gaya miki. Adireshinki shi ke ba ki makarantar unguwa, ki sa shi a shafin hukumar zai nuna miki firamare da midil da sakandarenku. Sauran kuwa sai kin nema, wasu da ƙuri'a, wasu da jarrabawa, kuma ana rufe karɓar sunaye watanni da yawa kafin shekarar ta fara. Tunda naki sun zo da Faransanci, akwai makarantun gwamnati da ake koyar da darussa da Faransanci, Dora Kennedy a Greenbelt da Maya Angelou a Temple Hills. Greenbelt ba ta da nisa da ku. Galibi daga ajin kindagatin ake shiga ta ƙuri'a, to ƙaraminki in ya cika shekara 5 ranar 1 ga Satumba ko kafin nan ki sa sunansa, ki kuma tambaya ko za su gwada na tsakiyan tunda ya iya yaren. Kada ki bari Faransancin nan ya zube, dukiya ce a hannunsu.

Na sakandare, Eleanor Roosevelt a Greenbelt ita ce kowa yake ambato saboda shirin kimiyya da fasaha, can Sergey Brin na Google ya gama a 1990. Irin shirin yana Oxon Hill da Charles Flowers. Tun aji 8 ake tace yara, shi ya sa makin aji 7 ba abin wasa ba ne. Akwai kuma Academy of Health Sciences a cikin kwalejin PG a Largo, yaro ya fito da shaidar sakandare haɗe da digirin shekara biyu. Babbar taki da kika ce shekararta 15 kuma ba Turanci, ki tambayi International High School, akwai ta Langley Park akwai ta Largo, an buɗe su a 2015 domin irinta, masu koyon Turanci.

A wajen rajista za su ba ki takarda su tambayi yaren da ake yi a gida. Ki rubuta Hausa da Faransanci kanki tsaye. Za a gwada su, a sa su a ESOL, wato ajin koyon Turanci, in suna buƙata, kuma ba ajin daƙiƙai ba ne, kada wata ta gaya miki haka. Kina da haƙƙin neman tafinta a duk taron iyaye. Na Faransanci ya fi saurin samuwa. Ki je taron nan ko da kalma goma kika iya, malamai suna lura da yaron da ake zuwa dominsa.

Af, abinci. Ki cike fom ɗin abincin rana kyauta ko mai rangwame tun makon farko. Ki koya wa yara su riƙa tambaya kafin su ci, musamman fiza mai jan nama a kai da alewar nan mai danƙo. Ni ƙunshi nake yi musu mafi yawan ranaku. Ranar Sallah in ta faɗo ranar makaranta, ki rubuta wa ofis 'yar takarda, fashin addini halastacce ne a dokar Maryland. Islamiyyar Asabar da Lahadi kuma ki nema musu tun yanzu a Lanham ko College Park, don yaran nan wata shida ya isa su fara amsa miki da Turanci. Nawa na tsakiya har yau muna fama da shi a kan haka, in yi masa Hausa ya mayar min da yaren makaranta, abin yana damuna ƙwarai.

Kuma ko da yaran sun shiga, ku matsa ku samu haya da sunanku, a rubuce, ko ɗaki ɗaya ne. Kowane kuɗi kuka ba mai gida ya bar shaida. Ko ɗan uwa ne, ko limami ne ya haɗa ku. In za ku tashi, ki duba makarantar sabon adireshin kafin maigida ya sa hannu, don titi ɗaya yakan raba makarantu biyu.

Ki yi min magana ta bayan fage ki gaya min ajin da kowannensu ya tsaya a Maraɗi. Ranar Talata ba na aiki da safe, in kina so in zo in ɗauke ki mu je tare, ki haɗo katin rigakafin da fasfo ɗin duka ukun a jaka ɗaya. Allah ya raya mana su.