Tambaya da amsa: fitilar volt 12 a wurin ninkaya, wace ce za a saya?

Wani Alhaji daga Kaduna ya rubuto cewa yana gina masaukin baƙi, har da ɗan wurin ninkaya a tsakar gida. A kasuwa an nuna masa fitilun cikin ruwa iri biyu, dukansu an rubuta 12V a kwali. Ɗaya da ɗan ƙaramin caja mai araha, ɗaya kuma da taransfoma mai nauyi, mai tsada. Yana tambaya: tunda duk wuta ƙarama ce, me zai hana ya ɗauki mai arahar?

Alhaji, Allah ya sanya alheri a ginin. Rubutun 12V ɗin nan ba shi ne kariyar ba. Kariyar tana cikin abin da ke sauko da wutar daga volt 230 na gidajenmu zuwa 12. Taransfoma ta ƙwarai tana da naɗin waya biyu a rabe, da shamaki mai ƙarfi a tsakani, ta yadda ko ta lalace babbar wuta ba za ta tsallaka zuwa wayar da ke cikin ruwa ba. Akwai kuma wadda ake yi da naɗi ɗaya tal, da ƙananan caja marasa inganci waɗanda abin da ya raba ɓangarorinsu biyu bai taka kara ya karya ba. Waɗannan ma 12 suke bayarwa a ranar da aka saye su. Ranar da zafi ko danshi ya cinye rufin wayarsu, volt 230 ne zai gangara cikin ruwan da 'ya'yan mutane ke wanka.

Ruwa kuwa ba ya afuwa. Busasshiyar fata tana tare wuta gwargwado, jiƙaƙƙiya ba ta iyawa. Wutar da a tudu za ta ja mutum ya yi tsalle ya saki, a cikin ruwa sai ta ƙanƙame masa tsoka ya kasa motsa hannu, ya nutse ana kallo, a ɗauka bai iya iyo ba ne.

Saboda haka ƙa'idar duniya ta IEC 60364-7-702 ta kasa kewayen wurin ninkaya kashi uku: cikin ruwan kansa, sai mita 2 daga baki zuwa tsayin mita 2.5, sai ƙarin mita 1.5 bayan wannan. A cikin ruwan, wutar da aka yarda da ita ita ce wadda aka raba da babbar wuta, ba ta wuce volt 12 ba in irin ta taransfoma ce, ko volt 30 in irin ta batir ce. Ita taransfomar ba ta zama a bakin ruwa. Ka sa a gina mata wuri busasshe mai rufi, fiye da mita 3.5 daga baki, ko a kai ta ɗakin injin famfo. Fitilar da za ta nutse kuma ka duba jikinta ka ga IP68, alamar cewa tana jure zama a cikin ruwa. Mai IP65 ta jure wa feshi da ruwan sama ne kurum, ko mai shago ya rantse maka.

Abu ɗaya da masu wayarin kan yi sakaci da shi: ƙaramar wuta tana son waya mai kauri. In tazarar ta yi nisa aka ja siririyar waya, hasken zai dusashe, sai wani ya ce a matso da taransfoma kusa da ruwa. Kada ka yarda. A ƙara kaurin waya, a zaɓi fitilar LED da ba ta cin wuta. A kuma haɗa duk ƙarfen da ke wurin, tsani da bututu da rodin cikin kankare, da waya ɗaya zuwa ƙasa tun kafin a zuba siminti, don bayan an liƙa tayil gyaran sai an fasa. Nemi mai aikin da ke da shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki a Najeriya, ka ce ya nuna maka. Ka ɗauki mai tsadar, Alhaji. In kuɗin sun gaza, rage yawan fitilu.

Wata Hajiya daga Kano ta ce ta sayi wurin wankan yara na roba da ake hurawa, tana so ta ƙawata gefensa da igiyar fitilu masu ƙyalƙyali da ake jonawa a soket.

Hajiya, don Allah a bar su. Da yawansu kai tsaye suke shan volt 230, ga kuma wayar jone-jone kwance a jiƙaƙƙen ƙasa, yara ba takalmi. Sayi ƙananan fitilun sola da ake cakawa a ƙasa, masu ɗan batir a ciki. Ba su da alaƙa da wutar gida, kuma kuɗinsu bai kai ya kawo ba. Caja, rediyo da fanka su tsaya can nesa.

Wani mai kula da otal daga Jos ya ce baƙi sun fara cewa suna jin ɗan tsikari in sun kama tsanin ƙarfe, alhali akwai bireka a gidan kuma ba ta taɓa faɗuwa ba.

Malam, a fitar da kowa yanzu, a kashe wutar wurin daga babban allo, a rufe sai an gano inda take yoyo. Tsikarin nan wuta ce, kuma ba lallai daga fitila take ba, injin famfo ma kan jawo shi. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga zafi, ba ruwanta da jikin mutum. Abin da kake bukata shi ne RCD, na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara yoyo, mai lambar 30mA, a kan layin famfo, da na soket, da wanda ke ciyar da taransfoma. Tana da ɗan maɓallin gwaji mai alamar T, a riƙa danna shi a kai a kai, in ba ta yanke wuta nan take ba a canja ta.

Sannan ka sa mai gyara ya zo da na'urar gwajinsa ya auna ta sau uku: a kan wutar NEPA, a kan janareta, a kan inbata in akwai. Janareta da yawa ba a haɗa su da ƙasa yadda ya kamata ba, sai RCD ɗin da ta yi aiki da rana ta kasa kare kowa da dare bayan an sauya wuta, lokacin da fitilun ke kunne kuma baƙi suka fi shiga ruwa.