Karatun yara a gida cikin sanyin Ingila: amsa ga 'yar'uwarmu ta Mancesta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah Ya raya mana su. Kin ce wannan ne sanyinku na farko a Mancesta, kina koyar da yara uku a gida, ɗan shekara 7, 'yar shekara 5 da ƙaraminsu mai 3. Tun da aka mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba jadawalinki ya wargaje, kullum faɗa da kuka, tari ya ƙi barin gidan, kuɗin gas na neman fin ƙarfinku, har kin fara tunanin ko ke ce kika gaza. Ba ki gaza ba. Yawancin abin da kika lissafa daga jiki yake tasowa: ƙarancin hasken rana, rashin motsi, danshin gida da barcin da ya rikice. In kika gyara waɗannan, karatun zai dawo hanya da kansa.

Ki fara da haske, domin shi ne kika fi ƙarancinsa. A Disamba rana ba ta fitowa a Mancesta sai wajen ƙarfe 8:20, kuma kafin 4:00 ta faɗi, wato awa bakwai da rabi ke nan, alhali a Kano a wannan watan ana samun kusan awa goma sha ɗaya da rabi. Jadawalin da kika turo ya sa karatu daga 9:00 zuwa 2:00, sannan fita. To ai kin cinye hasken duka a kan tebur, lokacin da za ku gama sa takalma duhu ya kawo kai. Ki juya shi. Lokutan salla ma za su taimake ki, don a wannan watan sun matso kusa da juna: Azahar jim kaɗan bayan 12:00, La'asar kafin 2:00, Magariba kafin 4:00. Bayan Asuba a yi karatun Alƙur'ani na minti goma sha biyar zuwa ashirin tun kai yana sake, a karya da abu mai ɗumi mai riƙe ciki, kunun gyaɗa ko koko da ƙwai. Daga 9:00 zuwa 10:30 a yi abin da ya fi buƙatar natsuwa, wato karatu da lissafi. Daga nan kowa ya sa kaya, a fita har zuwa Azahar. Duk abin da ya rage na zane, rubutu, girki da labari, duhu ba ya hana shi, a bar shi sai yamma.

Fitar nan ita ce ginshiƙin ranar, ko ana yayyafi. Shawarar hukumomin lafiya na Birtaniya ita ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya sami motsi na minti 180 a rana, a rarrabe, wanda ya kai 5 ko ya haura kuma ya sami kimanin minti 60 na motsin da zai sa shi haki. Yaron da bai samu ba, a kan kujerar falo da kan ƙaninsa zai huce. Abin da ke sa iyaye su daina fita shi ne kayan da ba su dace ba. Sanyin nan jiƙaƙƙe ne, ba irin hunturunmu busasshe ba, saboda haka babbar rigar sanyi guda ɗaya a kan singiletin auduga ba ta wadatarwa. Auduga tana shan gumi ta riƙe, yaro ya yi gudu minti goma, ya tsaya, sanyi ya kama shi daga ciki. Ki yi hawa uku: na jikin fata mai laushi na ulu ko na roba mai saurin bushewa, sai suwaita, sai riga da wando masu hana ruwa shiga. Takalmin ruwa na roba ba ya ɗumama ƙafa ko kaɗan, ki sayi wanda ya ɗan fi ƙafar girma a sa da safa mai kauri ta ulu. Safar hannu mai haɗe yatsu ta fi mai rarrabe su ɗumi ga ƙaramin, kuma ki riƙe ta biyu a jaka, domin ta farko za ta jiƙe a kududdufin farko da ya gani. A shagunan kayan gwanjo na ƙungiyoyin agaji za ki sami yawancin waɗannan da araha. Abu ɗaya kada ki manta: in za a shiga mota, a cire wa yaro babbar riga kafin a ɗaure shi a kujerarsa, domin kumburin rigar yana sa bel ya yi sako-sako, sai a lulluɓa masa ita daga sama.

Wurin zuwa ba ya ƙarewa a garinku. Akwai filayen shaƙatawa irin su Platt Fields da Alexandra Park da Heaton Park. Ranar da ruwa ya yi yawa, katin laburare kyauta ne, kuma yawancinsu suna da lokacin waƙa da labari na ƙananan yara da safe. Shiga Manchester Museum da gidan tarihin kimiyya da masana'antu shi ma kyauta ne, kuma a ranakun makaranta babu cunkoso. Ki nemi zaurukan iyaye masu koyarwa a gida na yankinku a Facebook, ki tsayar da rana ɗaya a mako da za su haɗu da wasu yara. Ɗan shekara bakwai yana buƙatar sa'anninsa, ke da ƙannensa ba za ku cike masa wannan gurbin ba.

Game da yawan karatun, kina ɗora wa kanki abin da ba a ɗora miki ba. Sashe na 7 na Dokar Ilimi ta 1996 ya wajabta wa iyaye su ba yaro cikakken ilimi da ya dace da shekarunsa da basirarsa, a makaranta ko ta wata hanya. Bai ce sai kin bi manhajar gwamnati ba, bai yanka miki awoyi ba. Wajibcin ma ba ya farawa sai zangon da ke biye da cikar yaro shekara 5, don haka ƙaramin naki wasa ne karatunsa. Awa biyar na makaranta akwai layi a ciki, akwai kiran suna, akwai jiran yara talatin su yi shiru. Ke da kike gaban yaro ɗaya, minti goma zuwa sha biyar na haɗa sautin haruffa ya ishi 'yar shekara biyar a zama guda, babban kuma minti ashirin karatu, a huta, minti ashirin lissafi. Kada ki haɗa su lokaci ɗaya a abin da ya bambanta, nan ne faɗan yake farawa. Ki zauna da ɗaya, ɗayan yana wani aikin hannu, sannan ku yi musanya. Ƙaramin kuwa ki ware masa akwati na kayan wasan da ba ya ganinsu sai lokacin darasi: cokula da kofuna, ƙullin fulawa da gishiri, manyan tubala. In ya saba ganinsu kullum, sun daina riƙe shi. Ki ajiye littafi ɗaya kina rubuta layi biyu ko uku kowace rana na abin da aka yi, da hotunan ayyukansu a waya. Ranar da kansil, wato ƙaramar hukumar yankinku, ta aiko da wasiƙar tambaya, abin da za ki nuna ke nan, kuma ranar da zuciyarki ta ce ba ku yi komai ba, shi zai ƙaryata ta.

Tsakanin Magariba da barci ne lokaci mafi wuya, awa uku zuwa huɗu a kulle cikin duhu. Ki shigar da su kicin. Auna kofin shinkafa biyu da ruwa huɗu lissafi ne, raba dabino goma sha biyu tsakanin mutum uku lissafi ne, tsince wake kuma yana ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir, amma ki nesanta waken daga ƙaramin saboda hanci da maƙogwaro. Ranar da aka ce sanyi zai kai sifiri, ku ajiye ruwa a kofuna biyu a waje, ɗaya da gishiri, da safe su je su ga wanne ya daskare. A yi langa da 'yar ɓuya a falo kafin 6:00, kada maƙwabcin ƙasa ya gaji da ku. Bayan Isha'i a kashe talabijin da waya, a rage fitila, ki buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku". Wannan sa'ar ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ita ce mafi tsada a wurina, domin Turanci zai same su ko'ina, Hausa kuwa a bakinki kaɗai za su same ta. Kada duhu ya ruɗe ki ki kwantar da su da wuri yau, gobe a makara. Masu shekara 3 zuwa 5 suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, babban kuma 9 zuwa 12, a tsayar da lokaci ɗaya, da safe a yaye labule gaba ɗaya.

Sai gidan kansa. Ki sa hita tsakanin digiri 18 zuwa 20 a ɗakin da kuke wuni, ki rage na ɗakunan da ba a shiga amma kada ki kashe su ɗungurungum, don bango mai sanyi shi ke tara raɓa. Kai ma'auni zuwa 25 ba ya sa gida ya yi ɗumi da sauri, kuɗi kawai yake ci. Ki taɓa radiyeta, wato ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango: in ƙasanta da zafi samanta da sanyi, iska ce ta taru. A kashe hita ta huce, a sa ɗan makullinta a kusurwar sama, a juya kaɗan da tsumma a hannu, za ki ji huci, da ruwa ya fara fitowa a rufe. Bayan nan a duba agogon boila, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Tarin da kika ce ya ƙi tafiya ya sa nake so ki duba bayan kabad, kusurwar taga da bayan gado ko akwai baƙar fumfuna. Girkinmu na tuwo da miya yana fitar da tururi sosai, shanya a kan radiyeta kuma tana zuba ruwan kayan duka cikin iskar ɗaki. Ki rufe tukunya, ki kunna fankar kicin, ki rufe ƙofarsa, ki goge zufar taga kowace safiya, ki buɗe tagogi minti goma ko da sanyi, ki ja kayan ɗaki su bar bango kamar faɗin tafin hannu. Ƙaramin ma'aunin danshi ba shi da tsada, in yana wuce 60 kullum ki nemi na'urar tsotse danshi. In fumfunar tana dawowa bayan gogewa, ki rubuta wa mai gidan hayar da hotuna da kwanan wata. A Rochdale, nan kusa da ku, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Disamban 2020, kuma bincike ya tabbatar fumfunar gidan da suke haya ce sanadi.

Don Allah kada gawayi ya shiga gidan nan, ko na turaren wuta ne. Gidajen nan a toshe suke, garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, alamarta ciwon kai, jiri da amai ga mutanen gida a lokaci ɗaya. Ki sayi kaskon lantarki, shi ma a rage saboda masu tari. Kuma kada a cire batirin na'urar hayaƙi don ta yi ƙara lokacin turare. In akwai boilar gas, tun Oktoban 2022 doka ta wajabta wa mai gidan haya ya sa na'urar gano wannan iskar a ɗakin da take.

Bitamin D ba abin wasa ba ne ga masu fata irin tamu, domin ranar nan daga Oktoba zuwa Maris ba ta da ƙarfin da jiki zai haɗa shi. NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, ta ce maikirogiram 10 a rana ga 'yan shekara 1 zuwa 4, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuma, yara da manya, su riƙa shan wannan adadin duk shekara. Har da ke. Rashinsa yana kawo kasala, ciwon ƙashi da gwamewar ƙafa ga yara. Kada ki ninka don neman sauri, ga 'yan shekara 1 zuwa 10 ba a wuce maikirogiram 50 a rana. Fata kuma, wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti biyar zuwa goma, a tsane jiki, a shafa man kaɗanya ko Vaseline tun da sauran laima. In aka bari jiki ya bushe ƙarau, man ba ya riƙe komai.

Tunda ba sa zuwa makaranta, babu wanda zai miƙo miki takardar rigakafin fulu. Suna da haƙƙinsa: ƙaramin a wurin likitan GP, wato likitan iyali da kuka yi rajista da shi, manyan biyu ta asibitocin unguwa da ƙungiyar rigakafin 'yan makaranta ke shiryawa, ki kira ki tambaya. Feshin hancin da ake ba yara yana da jelatin na alade, in ba ki so ki nemi na allura, ana bayarwa. Maganin tarin kanti ba na 'yan ƙasa da shekara 6 ba ne, ruwan ɗumi da zuma ya wadatar ga wanda ya haura shekara ɗaya. Tarin da ya wuce mako uku a kai wa likita. In kin ga haƙarƙari yana lotsawa wajen numfashi, ko yaro ya kasa magana saboda haki, ko cikin leɓe da harshe sun yi toka-toka, lambar gaggawa ta 999 za ki kira nan take; a fatarmu can ciki ake dubawa, ba a kumatu ba. Abin da ya dame ki amma bai kai haka ba, ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya. In akwai mai sikila a cikinsu, sanyi yana tayar da ciwon, zazzaɓin da ya kai 38 kuma asibiti ne kai tsaye.

Ke ma jikinki yana jin wannan duhun. Ki zauna da Abban yara ku yanka awa biyu a ƙarshen mako da zai fita da su shi kaɗai, ya kuma ɗauki darasi ɗaya ya zama nasa, ko tilawa ko lissafi. In kika ga mako biyu sun wuce kina cikin ƙunci, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abin da kike so da can ya fita a ranki, ki je wurin GP ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa mana a nan. Daga 21 ko 22 ga Disamba yini zai fara ƙaruwa, kafin ƙarshen Janairu Magariba ta kusa 5:00, sai ki ƙara fita ta biyu bayan La'asar. Allah Ya ba yaran lafiya, ki gaida mana su.