Ɗana Ya Kai Shekara 3 Bai Fara Magana Ba, Dangi Sun Ce Aljanu Ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya cika shekara 3, ko "Mama" ba ya cewa. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, in injin markaɗe ya tashi sai ya toshe kunne yana ihu. Surukata ta ce taɓin aljanu ne, maigida ya ce a jira, makaranta kuma ta maido mana shi. Ina zan fara? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, jiran ya isa haka. Yawancin yara suna amsa sunansu kafin su cika shekara 1, suna haɗa kalma biyu a shekara 2. Abin da kika lissafa ya yi kama da otizim, wanda ake kira galahanga, amma likita ne zai tabbatar.

Ki fara da gwajin ji, domin kurumta ma tana hana magana. Ana yi a sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Shika ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. In kunne lafiya ne, sai likitan yara ya tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da mai koyar da magana. Gwajin jini ko hoton kai ba ya nuna otizim. Da kallon halayen yaro da tarihinsa ake ganewa. Don haka ki ɗauki bidiyo uku ko huɗu a waya, kowane na minti 2: yana wasa, ana kiransa, yana cin abinci. Yaro a baƙon wuri ba ya yin abin da ya saba, sai likita ya rasa abin dubawa. In yana suma ko ƙurawa wuri ido kamar ya tafi, ki faɗa, saboda farfaɗiya takan zo tare da otizim, ita kuwa tana da magani.

A gida, ki ɗauki hoton abu biyar da yake nema kullum: kofinsa, kwanonsa, fo, bokitin wanka, tabarmarsa. Ki nuna hoton, ki faɗi kalma ɗaya, "ruwa", ki yi shiru kamar daƙiƙa 10 kafin ki miƙa. A nan iyaye suka fi kuskure: tausayi kan sa a ba yaro komai tun bai nema ba, sai ya rasa dalilin yin magana. Minti 10 sau uku a rana ya fi awa guda a zama ɗaya. A rufe rijiya, a sa wa ƙofa sakata ta sama, a ɗinka lambar waya a rigarsa, domin yaran nan sukan sulale waje kuma ruwa na jan hankalinsu.

Batun Hajiya surukarki, kada ki yi musu da ita. Addu'a da asibiti ba sa karo. Ki roƙi maigida ya gayyace ta ku tafi ganin likita tare. Abin da ta ji da kunnenta ya fi wanda matar ɗanta ta faɗa mata. Ki ba ta aiki, misali ita ce mai zaman hotuna bayan la'asar. Amma duka, ɗauri, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, waɗannan kam ki tsaya kai da fata. Babu maganin da ke warkar da otizim, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinku yake so. Allurar riga-kafi ma ba ta jawo shi, kada a fasa yi wa ƙannensa.

Makaranta kuwa, dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin karatu ba tare da bambanci ba. Ku je da takardar likita, ku nemi ya fara da awa 1 a rana, a zaunar da shi nesa da ƙofa da hayaniya, a ƙara lokacin kaɗan-kaɗan. In sun ƙi, ku kai ƙorafi a rubuce ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku ajiye kwafi. Allah ya raya mana shi.